Tunkiya muke zargi, alhali matsalar tana jikin rago

Duk wanda ya tashi a Dutse, ko ya daɗe a cikinta, ya san cewa bishiyar dabino iri biyu ce, akwai mace akwai namiji. Ya kuma san cewa idan lokacin fure ya yi, mai gonar da ya san abin da yake yi ba ya zama ya jira iska ta yi masa aiki. Hawa yake yi ya yanko furen namijin da ya yarda da shi, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana sakawa, domin ya san namiji guda ya wadaci bishiyoyi masu yawa, kuma idan namijin nan ba shi da kirki to shekarar ta tafi a banza. Ba a banza aka kafa reshen binciken dabino na gwamnatin tarayya a garin nan ba. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, wannan hikimar da muke da ita a kan bishiya, da zarar mun shiga turken dabbobi sai mu aje ta a bakin ƙofa. Ni ma haka na yi, sai da aljihuna ya gaya mini.

A ƙarshen watan Afrilu na 2024 na je kasuwar Shuwarin na sayo rago. Kamar yawancin ma'aikatan da suka hango ritaya ta tunkaro, na ɗan tara tumaki goma sha biyu a wani kango da ke bayan gidana, ina neman namijin da zai gyara mini iri. Na zaga kara sau biyu, idona ya faɗa kan wani farin Balami mai dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji, irin wanda ake turkewa don Babbar Salla. Na duba haƙora, na duba ƙaho, na shafa gadon baya, na biya. Wurin da ya fi kamata in taɓa kuwa ko kallonsa ban yi ba, kuma in an bi ta gaskiya kunya ce ta hana ni, ga dillalai tsaye, ga yara suna kallo. Na kawo shi gida na ɗaure a wata rumfar kwano, na ci gaba da ɗura masa dusa da angurya kamar yadda aka saba masa.

Ragon bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen barbara. Amma Mayu ya wuce, Yuni ya wuce, duk bayan kwana goma sha bakwai ko kusa da haka sai in ga tumakin sun dawo suna neman namiji, alamar ba su ɗauka ba. A watan Yuli na yanke hukunci irin wanda kowa ke yankewa, na ce akwai juya a cikinsu, na ware manyan guda biyu na sayar a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai bayan mako guda wani abokina likitan dabbobi ya biyo ta gidan. Bai ko kalli tumakin ba. Ya sa aka riƙe masa ragon, ya tsuguna ya lalubi marainansa, ya ciro igiyar awo irin ta teloli ya auna, sannan ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke samanmu. Ya ce, "Malam, an bar jaki ana dukan taiki." Ɗaya daga cikin tumakin da na sayar, maƙwabcina ne ya saya. A watan Disamba ta haifa masa tagwaye.

Abin da abokin nan ya bayyana mini a ranar, da wanda na bi na karanta daga baya, shi nake son in ɗan raba da mai karatu, domin na lura da yawa daga cikinmu 'yan boko mun zuba kuɗin sallama da na adashi a kiwo, amma ilminmu game da namijin dabba bai wuce girman ƙaho da nauyin jiki ba.

Aikin haihuwa a jikin namiji daga ka yake farawa, kuma tsarinsa ya yi kama da na masarauta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da masana ke kira haifotalamas, shi ne fada. Lokaci-lokaci yakan saki wani sinadarin saƙo, irin waɗanda ake kira homon, zuwa ga wani ɗan ƙullutu da ke rataye a ƙasansa mai suna fituwitari, wanda ke matsayin hakimi. Hakimin nan sai ya tura manzanni biyu ta cikin jini zuwa maraina, ɗaya ana ce masa LH, ɗayan FSH. Na farko yana zuwa ne wurin wasu ƙwayoyin halitta da Bajamushe Franz Leydig ya gano a 1850, ya umarce su su samar da testostaron, wato sinadarin mazantaka. Na biyu kuma wurin wasu ƙwayoyin yake zuwa, waɗanda Enrico Sertoli ɗan Italiya ya bayyana a 1865, kuma su ne ungozoma da masu reno, su ke ciyar da ƙwayoyin maniyyi tun suna ɗanye har su nuna. Idan testostaron ya yi yawa a jini, labari yakan koma fada a rage umarni, idan ya yi ƙasa a ƙara. Haka abin yake juyawa dare da rana.

Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin. Kowace tsohuwa ta san bambancin bunsuru da taure, ta san wanda aka dandaƙe ba ya wari, ba ya faɗa, sai tara kitse. Turawa ma daga irin wannan lura suka faro. A 1849 wani malami a garin Gotingen na Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye 'yan zakaru, ya ga zankonsu ya ƙi girma, sun daina cara da bin kaji. Da ya mayar wa wasunsu ƙwayar marainan a cikin ciki, inda ba mazauninta ba, sai suka girma zakaru sosai. Daga nan aka gane cewa wani abu ne maraina ke zubawa a jini. Sai a 1935 aka iya ware sinadarin a birnin Amstadam aka raɗa masa suna.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙwayar maniyyi ba a kwana ɗaya ake ƙera ta ba. A jikin rago da bunsuru tana ɗaukar kimanin kwana 47 zuwa 49 daga farawa zuwa kammalawa, a jikin bijimi kuwa kimanin kwana 61. Bayan nan sai ta shiga wata siririyar hanya mai nannaɗe da ke manne a jikin ƙwayar maraina, wadda in da za a warware ta za ta kai gomman mitoci, ta yi kusan mako biyu tana tafiya kafin ta koyi iyo ta isa barbara. Ma'ana, abin da rago ya bayar yau an fara haɗa shi ne wata biyu da suka wuce, na bijimi kuwa wata biyu da rabi. Duk wata wahala da ta same shi a tsakanin nan, zazzaɓi ne ko yunwa ko zafi, ba za a ga sakamakonta nan take ba, kuma ko an kawar da ita sai an jira wata biyun kafin sabon zubi ya fito. Ragon da ke da lafiya yakan fitar da abin da bai fi cikin ƙaramin cokali ba, kimanin mililita guda, amma a ciki akwai ƙwayoyi biliyan 2 zuwa 3. Wanda ya lalace ma adadin ruwan da zai fitar ke nan, kuma da ido ba a bambancewa.

Abin da ya fi yaudarata shi ne sha'awar ragon ba ta ragu ba. Ashe ƙwayoyin da ke samar da testostaron sun fi jure wahala a kan waɗanda ke zama maniyyi. Sai ka ga dabba tana bin mata, tana tunkuyi, tana hawa, mai ita yana murna, alhali fanko ce.

Babban abokin gabar wannan aiki a ƙasarmu shi ne zafi. Jikin tunkiya yana kan digiri 39 ne a ma'aunin Salshiyas, na saniya ƙasa da haka kaɗan, amma maniyyi ba ya ƙeruwa daidai sai maraina sun fi jiki sanyi da 'yan digirori, kamar huɗu zuwa biyar. Dalilin da ya sa aka rataye su a waje ke nan. Hikimar Ubangiji a nan abin a tsaya a duba ce. Fatar jakar siririya ce mai yawan gumi. Akwai tsokar da ke janye su sama lokacin hunturu, ta sake su su yi ƙasa lokacin bazara. Sannan jijiyar da ke kawo jini mai ɗumi daga ciki tana bi ne ta tsakiyar wasu jijiyoyi masu mayar da jinin da ya riga ya huce, don haka kafin ya iso ya sha iska. Duk wannan tanadi yana da iyaka. A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, zafin rana a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma bazarar 2024 ta fi ta kullum tsanani a yankin Sahel baki ɗaya, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilun shekarar. A irin wannan yanayi ne na ɗauki dabba na sa ta a ƙarƙashin kwano, a kan daɓen siminti da ya yini yana shan rana, ta kwanta a kai da marainanta. Tumakin Fulani da ke yawo a daji sun fi nawa gata, ko ba komai suna samun inuwar gawo da tsamiya da ƙasa mai sanyi.

Na biyu shi ne kitse. Ragon turka yakan tara kitse a wuyan jakar maraina, daidai inda jijiyoyin nan ke musayar zafi, sai ya zama kamar an naɗa musu bargo. Abin da hannun abokina ya fara ji ke nan, sannan ya ji ƙwayoyin sun yi laushi, maimakon su yi tauri kamar tsokar dantsen da aka ɗaure. Ga kuma angurya. Ƙwayar auduga tana ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol, wanda bincike ya daɗe da nuna cewa idan ya yi yawa a abincin namiji yana lalata maniyyi, musamman ga ƙananan da ba su gama girma ba. Ga ragon da wuƙa ke jira ba wani abin damuwa ba ne, amma ga na iri akwai gyara. A ɗaya gefen kuma yunwar rani ita ma tana da nata. Bijimin da ya rame daga Maris zuwa saukar damina marainansa kan ƙanƙance, kuma ɗan maraƙin da ya tashi cikin yunwa yakan makara wajen balaga. Tsakaitawa ake nema: harawa, ƙowa, 'yar dusa, gishirin lasa da ruwa wadatacce.

Akwai wata ɗabi'a da nake jin tsoronta fiye da waɗannan, wato ɗirka wa dabba ƙwayoyi da allurai don ta yi saurin cika ido. Wasu daga cikin magungunan nan dangin homon ne. Idan aka zuba su daga waje, fada sai ta ɗauka kaya sun wadata ta rufe umarni, LH ya tsaya, maraina su daina aikinsu. Dabbar za ta yi ɓul-ɓul a waje, a ciki kuwa masana'anta ta rufe. Wanda ya sayi irin wannan don iri ya sayi kyan ɗan maciji.

Ban da waɗannan akwai cututtuka. Bakkale, wadda makiyaya suka fi sani da sa shanu ɓari, tana kumbura marainan namiji, kuma tana kama mutum ta hanyar ɗanyar madarar da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifa da hannu. Sammore ma, masu bincike a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya sun nuna tun shekarun 1980 da 1990 cewa tana lalata maniyyin bijimai da raguna. Wannan ya shafe mu, domin garkunan da ke tafiya kudu cin rani suna ratsa dazukan ƙudan tsando kafin su dawo. Duk namijin da aka ga ƙwaya ɗaya ta fi ɗaya girma sosai, ko akwai ƙullutu mai tauri a ƙasanta, ko yana zabura idan an taɓa, a nemi likita kafin a sake shi cikin mata.

Yanzu bari in taɓo inda na san za a yi mini ca. Kowace shekara muna zaɓar raguna mafiya girma da kyan ƙira, mu ware su daga garke tun suna ƙanana, mu turke, mu kai su Maigatari ko Gujungu ko Shuwarin, a loda su a manyan motoci zuwa Legas da Abuja, ranar Salla a yanka. Wa aka bari a gida yana barbara? Ɗan tsugul ɗin da dillali ya raina, wanda sau da yawa ma uwarsa da 'yan'uwansa yake hawa. Shekara da shekaru muna yin haka, sannan mu zauna muna cewa tumakin yanzu ba su kai na da ba. Ba ina sukar layya ba ne, Allah Ya tsare. Na san a mazhabar Malikiyya an fifita ragon da ba a dandaƙe ba, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, kodayake dandaƙaƙƙen ma ya halatta. Abin da nake cewa shi ne tsari. Ragon da ya fi kowanne a garke ya kamata ya bar baya tukuna, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki, kafin a turke shi. Marasa kyan kuma a dandaƙe su da wuri, da almakashin nan na Burdizzo da ma'aikatan dabbobi ke amfani da shi, wanda ke murƙushe jijiya ba tare da an zubar da jini ba. Sannan a lura da kalanda. Babbar Salla ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 2024, ta dawo 6 ga Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya. Wato a 'yan shekarun nan watannin turka sun faɗa tsakiyar bazara, don haka ragon da ya yi kwantai bayan Salla, wanda ake samu da araha har mutum ya ce bari in saya don iri, shi ne wanda kitse da zafi suka haɗu a kansa.

Rago guda lafiyayye ya ishi tumaki talatin ko fiye, bijimi guda ya ishi shanu ashirin da biyar zuwa talatin. Idan tunkiya ɗaya ta zama juya, asarar haihuwa ɗaya aka yi. Idan ragon ne, garken ne duka ya tafi hutu. Amma duba yadda shirye-shiryenmu na tallafi suke tafiya. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya mulki Jigawa daga 2015 zuwa 2023, an raba wa mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu, awaki don su yi kiwo, kuma ni ina cikin waɗanda suka ga hikimar shirin lokacin da wasu ke yi masa dariya. Sai dai duk irin wannan shiri, ko na gwamnati ne ko na ƙungiya, ribarsa tana rataye ne a kan bunsurun da ke yawo a unguwa. Matar da ta yi shekara tana ciyar da akuya ba ta haihu ba, ba za ta taɓa zargin bunsurun maƙwabta ba, akuyar za ta sayar.

Ana yawan maganar barbarar zamani, wato ɗura wa saniya maniyyin da aka daskarar. Fasaha ce ta gaske. Tun 1949 Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano yadda za a daskarar da maniyyi bai mutu ba, kuma yau ana ajiye shi shekaru a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A Shika an daɗe ana yi. Amma tana bukatar tulun sanyin da ba ya yankewa, da ma'aikacin da zai iso ruga cikin 'yan sa'o'in da saniya ke karɓa, sannan jinin shanun Turai da ake ɗokin samu bai iya zafinmu kamar Bunaji da Rahaji da Bokolo ba. Kafin mu kai can, akwai abin da ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Awon kewayen maraina da igiyar tela yana nuna yawan maniyyin da dabba za ta iya samarwa, har ma an tabbatar a shanu cewa bijimin da ke da manyan maraina 'ya'yansa mata sukan balaga da wuri. A Amurka ba a yarda da bijimi ɗan wata 15 don iri sai awonsa ya kai santimita 30. Shanunmu masu tozo sun fi nasu jinkirin girma, don haka ba za mu kwafo lambar nan kai-tsaye ba, muna bukatar tamu.

A nan ne nake ganin aikin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011 kuma take da tsangayar aikin gona, da makarantar Binyaminu Usman ta Haɗeja wadda tushenta kwalejin aikin gona ce. Ɗalibai su fita kasuwanni da rugage su auna Balami da Uda da Yankasa da jajayen awaki, wata-wata, bazara da damina da hunturu, a fitar mana da ma'aunin da ya dace da Jigawa, a rubuta shi da Hausa da Fulatanci. Tun da gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, ba zai zama abin kunya ba a roƙe ta madubin ƙara girman abu guda ɗaya da ma'aikaci guda a kowace babbar kara, inda mai sayen namijin iri zai biya ɗan abin da bai kai kuɗin la'ada ba a duba masa kafin ya ƙirga kuɗi. Ɗigo ɗaya a kan gilashi ya isa a ga ko ƙwayoyin suna iyo ko sun kwanta.

Ragon nawa dai ban sayar da shi ba. Na kwance shi daga rumfar kwano na mayar da shi gindin darbejiya, na zuba yashi a wurin kwanciyarsa, na janye angurya, na rage dusa, na sa yaro yana fita da shi kiwo da sassafe. Abokina ya ce in ba shi wata biyu cur kada in ƙosa. A watan Satumba tumakin suka daina dawowa. A Fabrairun 2025 tara daga cikin goman da suka rage suka haihu, uku tagwaye. A cikin 'yan ragunan akwai ɗaya da ya fi saura tsayi da faɗin ƙugu, dillalai biyu sun riga sun taya, na ce ba na sayarwa ba ne. Na riga na yi magana da wani makiyayi a wajen Kiyawa, za mu yi musaya da nasa idan ya isa, don kada ya hau 'yan'uwansa.